Limamin sojan da ya ƙi gudu a Unsan: jarumta ce ko jefa kai cikin halaka?

Bashir_Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani mutum da labarinsa ya tsaya mini a rai, ina so in ji ta bakinku. Sunansa Emil Kapaun, Fada ne na cocin Katolika, kuma limamin soja a rundunar Amurka lokacin yaƙin Koriya. A daren 1 ga Nuwamba 1950 sojojin Sin suka yi wa bataliyarsu ƙawanya a Unsan, can cikin Koriya ta Arewa. Da aka ga ba sarki sai Allah, aka ba da umarni cewa duk wanda ƙafarsa za ta iya ɗaukarsa ya nemi hanyar ficewa. Shi ƙafarsa lau, amma ya zauna tare da waɗanda aka ji wa rauni, alhali ya san kama shi za a yi. Aka kuwa kama shi, ya rasu a sansanin fursunonin yaƙi ranar 23 ga Mayu 1951, yana da shekara 35.

Ga abin da ke damuna. Mutumin nan ba likita ba ne, ba ya riƙe bindiga. Me zamansa ya ƙara wa masu raunin? Da ya fita tare da sauran, da ya ƙara shekara talatin yana yi wa dubban sojoji hidima. Ni a ganina rai amana ne, kuma wannan ya fi kama da jefa kai cikin halaka.

TsohonSaje:
Wa alaikumus salam. Ɗana Bashir, tambayarka ta wanda bai taɓa kwana kusa da mai jiran mutuwa ba ce, kuma Allah ya tsare ka da gani. Na yi aikin soja har na yi ritaya, an kai mu aikin wanzar da zaman lafiya a wata ƙasa. Wata rana aka yi wa motocinmu kwanton ɓauna, wani yaro kurtu harsashi ya same shi a ciki. Likita ya ɗaure, ya yi allura, ya wuce wajen na gaba, domin ya san wannan ba mai tashi ba ne, kuma akwai waɗanda za a iya ceta. Ba laifinsa ba ne, haka aikin yake. Limaminmu ne ya zo ya zauna a ƙasa, ya ɗora kan yaron a cinyarsa, yana jiƙa masa leɓe da ruwan gora, yana laƙƙana masa kalmar shahada a hankali. Yaron yana ta kiran mahaifiyarsa. Limamin ya ce masa ya faɗi saƙonsa, zai kai. Ya ciro ɗan littafi daga aljihu ya rubuta. Da muka koma gida da ƙafarsa ya kai saƙon.

Mu da muke kallo, abin da ya shiga zuciyarmu shi ne, idan gobe ni ne a kwance, ba za a bar ni ni kaɗai ba. Da wannan soja yake tashi ya sake shiga mota washegari.

Rifkatu_D:
Sannu Baba Saje, Allah ya ƙara lafiya. Malam Bashir, akwai abin da ka tsallake a labarin daren nan. Takardar da aka karanta lokacin ba shi Medal of Honor, lambar jarumta mafi girma ta sojan Amurka, ta faɗi abin da ya yi. Tun kafin a ba da umarnin ficewa yana bin ramukan sojoji ana ruwan harsashi, yana jawo waɗanda suka faɗi a fili. Da Sinawa suka karya shingen tsaro da asubahin 2 ga Nuwamba, ya lura cikin masu raunin akwai wani hafsan Sin, shi ma an ji masa ciwo. Shi ya lallashe shi ya yi wa 'yan uwansa magana da harshensu a karɓi miƙa wuya, maimakon a ci gaba da wuta a kan mutanen da ko tashi ba sa iya yi. Bayan an kama su kuma ya ga wani soja ya saita bindiga a kan Saje Herbert Miller da ke kwance da karyayyar ƙafa. Ya je ya ture sojan gefe, ya ɗaga Miller. Wannan Miller ya rayu, ya tsufa, yana zaune a fadar White House ranar 11 ga Afrilu 2013 da Shugaba Obama ya miƙa lambar ga ɗan ɗan'uwan Kapaun. To ka ga amsar "me ya ƙara" ke nan, aƙalla mutum ɗaya da 'ya'yansa da jikokinsa.

Bashir_Tarihi:
Malama Rifkatu na ji wannan. Amma a lokacin da ya yanke shawarar zama ai bai san zai sami hafsan Sin a ramin ba. Sakamako ya yi kyau, ba shi ke nuna shawarar daidai ce ba.

Nas_Hauwa:
Ba shi kaɗai ya zauna ba fa. Likitan bataliyar, Kyaftin Clarence Anderson, shi ma ya zauna aka kama shi. Me ya sa ba ka ce likitan ya jefa kansa cikin halaka ba? Saboda kana ganin aikin likita aiki ne, na limami kuwa ƙari ne kawai.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Ba cuta kaɗai ke kashe majinyaci ba. Akwai wanda za ka ga maganinsa yana aiki, amma ya juya fuska bango, ya daina cin abinci, ya daina amsa gaisuwa, bayan ɗan lokaci sai gawa. Likitocin da suka fito daga sansanonin Koriya sun ba da labarin irin wannan sosai: samari 'yan shekara ashirin su lulluɓe kai da bargo, su ƙi cin geron da ake ba su, su mutu cikin kwanaki. Wanda zai zauna kusa da irin wannan ya matsa masa ya ci loma ɗaya, ya wanke masa wandon da zawo ya ɓata, ya cire masa ƙwarƙwata, wallahi jinya yake yi ko ba shi da takardar shaida. Kuma waɗannan su ne ainihin abubuwan da abokan zamansa suka ce Kapaun yana yi a sansanin fursunoni na Pyoktong.

Gaskiya_Ɗaci:
Ku yi haƙuri zan ɓata muku daɗin hira. Duk wannan labari daga bakin wa muka ji shi? Daga bakin Amurkawa, a tsakiyar yaƙin cacar baka, lokacin da suke neman duk abin da zai nuna 'yan gurguzu azzalumai ne. Sannan wannan runduna da yake wa limanci, Runduna ta 1 ta Cavalry, ita ce wadda sojojinta suka buɗe wa 'yan gudun hijira wuta a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a No Gun Ri a ƙarshen Yulin 1950, mata da yara. An rufe maganar har 1999 da kamfanin dillancin labarai na AP ya tono ta. Jiragen Amurka kuma sun mayar da garuruwan Koriya ta Arewa toka. Limamin soja albashinsa daga soja yake, kaki yake sawa, muƙamin hafsa yake da shi. Aikinsa ya kwantar wa soja da hankali ya koma ya ci gaba da harbi. Baba Saje ma da bakinsa ya faɗa, da wannan soja yake sake shiga mota.

Ɗalibin_Shari'a:
Gaskiya_Ɗaci, No Gun Ri ta faru, babu mai musu, Shugaba Clinton ma ya bayyana nadama a kanta a Janairun 2001. Amma rejimanti ta 7 ce ta yi, Kapaun yana ta 8. Ba adalci ba ne a ɗora wa mutum abin da ba ya wurin.

Sai dai tambayarka ta biyu tana da nauyi, kuma dokar yaƙi ta yi ƙoƙarin raba gardamar. Yarjejeniyar Geneva ta farko ta 1949, sashe na 24, ta sa limaman soja a sahu ɗaya da ma'aikatan lafiya: ba a kai musu hari. Sashe na 28 ya ce idan sun faɗa hannun abokan gaba ba fursunonin yaƙi ba ne, ana riƙe su ne kawai gwargwadon buƙatar fursunoni gare su, kuma a bar su su yi aikinsu. Sharaɗin shi ne kada su shiga faɗa. Shi ya sa a sojan Amurka limami ba ya ɗaukar makami, mataimakinsa ne ke ɗauka. Matsalar Koriya ita ce a 1950 manyan ɓangarorin ba su riga sun tabbatar da yarjejeniyar ba. Amurka sai 1955, Sin 1956, Koriya ta Arewa 1957. Saboda haka Kapaun ya zauna ba tare da wata takarda da za ta kare shi ba.

Gaskiya_Ɗaci:
Rashin riƙe bindiga ba ya wanke mutum. Direban tankar mai ma ba ya harbi, amma ba don shi ba tankar yaƙi ba ta motsawa.

TsohonSaje:
Ɗana Gaskiya_Ɗaci, kada ka juya mini magana. Soja zai shiga mota ko da limami ko babu, domin oda ce. Abin da ya bambanta shi ne irin mutumin da yake shiga. Ranar da aka kashe mana yaron nan mun kama mutum biyu daga cikin maharan. Zuciya ta ɗebi samarinmu, wasu har sun ɗana bindiga. Hafsanmu ya yi tsawa, amma wanda ya je ya tsaya tsakaninsu da mutanen nan da jikinsa limamin ne, jinin yaron bai bushe a wandonsa ba. Babu wanda ya iya ɗaga ido ya kalle shi. Inda babu irin wannan mutum, nan ake samun No Gun Ri ɗin da kake faɗa.

Malam_Idi:
Allah ya saka da alheri Baba Saje. Wannan abu yana da asali a wajenmu. Sayyidina Abubakar da zai tura runduna Sham ya yi wa kwamandanta wasiyya kada a kashe mace ko yaro ko tsoho, kuma a ƙyale masu ibada da suka keɓe kansu a wuraren bautarsu. A Suratul Insan aya ta 8 kuma Allah ya yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamamme. Runduna tana buƙatar wanda zai riƙa tuna mata wannan a ranar da jini ya hau kai.

Game da maganar Malam Bashir ta jefa kai cikin halaka, malamai suna bambanta wanda ya nemi mutuwa da wanda ya tsaya kan wani haƙƙi mutuwa ta same shi a wurin. Mutumin nan bai nemi mutuwa ba. Ya yi fiye da wata shida a hannunsu yana fafutukar ya rayu, ya rayar da wasu.

Zainab_K:
Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne na ji an ce sata yake yi a sansanin. Malamin addini da sata? Yaya ke nan?

Katikis_Bulus:
Haka ne 'yar'uwa Zainab, kuma bai ɓoye ba. Da dare yakan saci jiki ya shiga rumbun masu gadi ko gonakin da ke kusa, ya ɗebo masara ko gero ko dankali ya cusa a aljihu, ya kawo a zuba a tukunyar kowa da kowa. Abokansa sun ce kafin su fita yakan sa su roƙi taimakon Dismas, wato sunan da al'adar coci ta ba ɓarawon nan da ya tuba a kan gicciye kusa da Yesu, wanda Luka sura 23 ta ba da labarinsa. A koyarwar Katolika, wanda yunwa za ta kashe idan ya ɗauki abin da zai tsira da shi ba a lissafa shi ɓarawo. Kuma abin lura, wasu fursunonin suna sata su ɓoye su ci su kaɗai. Shi yana kawowa a gaban jama'a ya ajiye, kunya ta sa wasu suka fara yin haka.

Ɗan manomi ne daga Pilsen a jihar Kansas, an haife shi 20 ga Afrilu 1916, iyayensa 'yan asalin ƙasar Czech ne. Hannunsa ya saba da gyare-gyare. Ya riƙa tsinto kwanon rufi daga gidajen da bom ya rushe, ya bubbuga da dutse ya mayar da shi tukunya, a narkar da ƙanƙara a tafasa ruwa. Malama Hauwa za ta fi ni sanin abin da tafasasshen ruwa yake nufi a inda atuni ke kashe mutane kullum.

Malam_Idi:
Malama Zainab, ko a fiƙihu larura tana da hukuncinta. Sayyidina Umar ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwa. Balle wanda aka tsare aka hana shi abin da zai rayu.

Yakubu_Seoul:
Ina zaune a Koriya ta Kudu, aiki ya kawo ni. Ina so ku fahimci sanyin da ake magana. A nan Seoul ma, watan Janairu, da rigar sanyi mai kauri da safar hannu, idan ka tsaya jiran bas kunnenka sai ya yi kamar za a cire shi. Pyoktong kuwa tana can gaɓar kogin Yalu, kan iyaka da Sin, ta fi nan sanyi nesa ba kusa ba. Mutanen nan da yawansu an kama su ne da kakin da bai dace da hunturu ba, aka tafi da su a ƙafa cikin duwatsu, yawanci da dare. Wanda ya kasa tafiya a bar shi ko a harbe shi. A wannan tafiya ce Kapaun yake ɗaukar masu rauni, yana bin layi yana roƙon waɗanda suka gaji su karɓi makara.

Cikin Amurkawa kimanin 7,000 da aka kama a yaƙin, kusan 2,700 sun mutu a tsare, akasarinsu a wannan hunturu na farko. Amma don adalci ga maganar Gaskiya_Ɗaci, sojojin Sin ɗin ma a lokacin yunwa da sanyi suna kashe su, jirage sun datse musu hanyoyin kawo abinci. Al'amura sun ɗan gyaru a sansanonin bayan an fara tattaunawar tsagaita wuta a Yulin 1951. Shi bai kai lokacin ba.

Rifkatu_D:
Kan batun cewa farfaganda ce: waɗanda suka fi dagewa a kan labarinsa ba gwamnati ba ce, fursunonin ne. Gwamnati ta ba shi lambar da ke ƙasa da Medal of Honor ta rufe fayil. Tsofaffin fursunoni irin su Mike Dowe ne suka yi ta bin maganar shekara sittin, har majalisa ta ɗage ƙa'idar wa'adin ba da lambar. Kuma da yawansu ba Katolika ba ne. Wani matuƙin jirgi Bayahude, Gerald Fink, an kawo shi sansanin bayan Kapaun ya rasu, bai taɓa ganinsa ba. Yawan labarin da ya ji ne ya sa ya sassaƙa gicciye da itacen da ya tsinta, da wuƙar da ya ƙera da kansa. Da aka sako su a 1953 suka fito da shi a hannu. Yana nan a wata makarantar sakandare mai sunan Kapaun a Wichita. A sansanin har da sojojin Turkiyya Musulmi da aka kama a ƙarshen Nuwamban 1950.

Sani_Injiniya:
Wannan ya tuna mini da limamai huɗu na jirgin ruwan Dorchester, 3 ga Fabrairu 1943, da jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya harba kusa da Greenland. George Fox, Alexander Goode, Clark Poling da John Washington: fastoci biyu, malamin Yahudawa ɗaya, Fada ɗaya. Rigunan ceto suka ƙare, suka cire nasu suka ba wasu. Mutum kusan 900 ne a jirgin, kimanin 230 suka tsira. Malam Bashir, su ma halaka suka jefa kansu?

Bashir_Tarihi:
Injiniya, nasu ya fi mini sauƙin fahimta, riga ɗaya rai ɗaya, lissafin a fili yake. Na Kapaun ne nake ta juyawa. Abin da Malama Hauwa da Katikis suka kawo ya nuna zamansa ya yi amfani, ban musa ba. Amma har yanzu ina tambaya, an ba da oda a fice, shi ya zauna. Idan kowane hafsa zai zaɓi odar da zai bi fa?

Katikis_Bulus:
Kafin Baba Saje ya amsa wannan, bari in ƙarasa yadda ya ƙare, don yana da alaƙa. Ba sabon shiga ba ne. An naɗa shi Fada a 1940, ya shiga limancin soja a 1944, ya yi aiki a Burma da Indiya a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, ya fita ya yi digiri na biyu, ya sake komawa da kansa a 1948. An ba shi lambar Bronze Star saboda ɗauko wani mai rauni a ƙarƙashin wuta tun a Agustan 1950. Ya san abin da yake yi.

A sansanin an hana taron ibada, kuma ana tara su kullum ana yi musu darasin gurguzu, shi kuwa yana mayar da martani a natse a gaban kowa. Ranar Ista, 25 ga Maris 1951, ya tara su da sassafe ya yi musu sujada, da gicciyen da ya haɗa da 'yan sanduna. Bayan nan jiki ya ƙi. Jini ya daskare masa a ƙafa, ga atuni, ga ciwon haƙarƙari. Masu gadi suka zo suka ce za a kai shi asibiti, wurin da fursunoni suka san ba a cika dawowa ba. Abokansa suka so su hana, ya ce su bari, kuma waɗanda suka ɗauke shi sun shaida cewa ya roƙa wa masu gadin gafara. An gane ƙasusuwansa a Maris 2021 cikin sojojin da aka binne ba suna a maƙabartar sojoji ta Honolulu, aka kai shi babban cocin Wichita a Satumbar shekarar. A Fabrairun 2025 Paparoma Francis ya amince da matakin da ke gaba a hanyar ayyana shi waliyyi, kuma a ƙarƙashin babin sadaukar da rai aka sa shi, ba babin shahada ba. Wato cocin ma ta zauna ta auna irin tambayarka, Malam Bashir.

Gaskiya_Ɗaci:
Na yarda mutumin kirki ne, ban taɓa cewa ba haka ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki kirkin mutum ɗaya a lulluɓe yaƙin da ya ci miliyoyin 'yan Koriya. Su wa ya zauna kusa da su?

Nas_Hauwa:
Wannan tambaya ce ta gaskiya. Amma hafsan Sin ɗin nan da aka samu cikin masu rauni, a ramin Amurkawa yake kwance tare da nasu, ba a waje aka yar da shi ba.

TsohonSaje:
Ɗana Bashir, maganar oda. Odar da aka bayar ita ce masu lafiya su fice, masu rauni a bar su. Duk kwamandan da ya ba da irin wannan oda ya san wani zai zauna, kuma ya san su wane ne: likita da limami. Ba a rubuta musu, ba a tilasta musu, ba a kuma hana su. Ban taɓa jin an gurfanar da limami don ya zauna da masu rauni ba. Wanda na san sojoji ba sa yafe wa shi ne limamin da ake gani ranar fareti da ranar rabon albashi, ranar wuta kuwa a neme shi a rasa. Irin wannan ko ya yi shekara talatin ɗin da kake lissafa masa, babu kurtun da zai kai masa damuwarsa.

Ɗalibin_Shari'a:
Baba Saje, a dokance ma haka ne, yarjejeniyar farko ta Geneva sashe na 12 ta ce ɓangaren da aka tilasta wa barin masu rauni ya bar musu wasu daga cikin ma'aikatan lafiyarsa da kayan aiki, gwargwadon yadda halin yaƙi ya bari. Ma'aikatan lafiya ta ambata a wurin. Ko limami ya shiga ciki, wannan sai mu buɗe masa zare na daban, domin ina da ja a kai.